Katangar da Ban Gina Ba a Gidan Malam Iliyasu

Ba zan faɗi sunana ba. Ba kunyarku nake ji ba, don wanda aka karanta wa laifinsa a gaban alƙali, jama'a na ji, ba sauran kunyar da zai adana. Ina da ƙanne mata biyu a ɗakunan aure, kuma gorin da suka sha a kaina ya isa haka. A Rano ana ce mini Injiniya, ko da yake ban taɓa taka ƙofar jami'a ba, sai ku kira ni da haka. Ku matasa nake rubuta wa, musamman masu gyaran waya da haɗa intanet, waɗanda ake miƙa wa sirrin mutane a hannu ana cewa, "Duba mini." An ɗaure ni a kan damfara, amma ba ita ce babban abin da na yi ba. Na raba wani dattijo da 'yarsa, kuma har yau da nake wannan rubutu ban iya mayar da su yadda na same su ba.

A Zurgu aka haife ni, gidan manoma. Ina firamare aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na taso ina jin wa'azi a masallaci, a rediyo, har a cikin motar haya. Saboda haka kada wani ya yi mini uzuri da jahilci. Na san halal na san haram tun gemu bai fito mini ba. Yaro ne ni mai shiru, ba na ƙwallo, ba na zaman majalisa. Da mahaifina ya rasu, Inna ta sake aure a wani gari, ni kuma aka kai ni Kano koyon gyaran waya. Bayan na iya, na dawo na kama ɗan shago kusa da tashar Rano. A nan nake aiki, a nan nake kwana, labule ne kawai tsakanin katifata da teburin gyara.

Hannuna yana da kyau, ba yabon kai ba. Amma mai gyaran waya ba a zama wurinsa. Mai shayi yana da majalisa, tela yana da majalisa, har mai faci yana da masu taya shi hira. Ni kuwa sai a miƙo mini waya, a tambayi yaushe za a dawo, a juya. Wata rana sai in yini ban faɗi maganar da ta wuce "gobe da hantsi" ba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, kuma ban san ma sunansa ke nan ba.

Da wayar wani direba na fara. Na gyara ta, na kunna don in gwada, sai hotunan sunan ɗansa suka buɗe. Ga rago, ga mata da manyan tukwane, ga shi kansa yana dariya da jariri a hannu. Na daɗe ina kallo. Na ce wa kaina ai ban ɗauki komai ba. Daga hotuna na koma saƙonni, daga wayar direba na koma duk wayar da ta kwana a shagona. Idan kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar, wannan ce hirata. Na san wanda ke neman aure a ɓoye, na san wanda ya yi wata uku ba ya magana da wansa. In na haɗu da su a hanya sai in ji kamar 'yan'uwana ne, in gaishe su da fara'a, su kuma su amsa a gajarce su wuce, don a wurinsu ni mai gyaran waya ne kawai.

Da intanet ta fara shiga gidaje, na koyi haɗa akwatinta, wanda muke kira rauta. Ta haka aikin Malam Iliyasu ya zo hannuna. Malam babban malami ne a Kibiya, yana karantar da manya a zaurensa, yana raba gado, yana sulhu. Mutane suna zuwa daga Nariya da Fassi da ƙauyukan da ke bayansu, su faɗa masa abin da ba su faɗa wa matansu ba. Da idonsa ya fara rauni, ya ji tsoron kada ya manta wasiyyar wani ko ya cakuɗa maganar wani da ta wani. Sai ya riƙa neman izinin mai magana, in ya yarda, 'yarsa Malama Hafsatu ta buga a kwamfuta, da suna da lambar waya. Malama Hafsatu tana koyarwa a firamare. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'yarta ƙarama, mahaifiyarta kuma ta riga ta rasu. Cikin gidan nan, in ka cire Malam, su biyu ne kaɗai.

Babban ɗan Malam da ke aiki a Kano shi ya sayo rauta biyu ya aiko. Da na je, Malam ya zaunar da ni a kan tabarma ya ce, "Injiniya, ni ban san kan abin nan naku ba. Abin da nake so ɗaya ne. Ɗalibaina na zaure su samu su duba littattafai, cikin gida ma a samu. Amma akwai amanar mutane a na'urar Hafsatu. Ina so ka gina mini katanga tsakanin zaure da ciki, kamar wannan da kake gani." Ya dafa bangon da ke bayansa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ƙaramin aiki ne."

Sabis ba ya kamawa sosai sai a wani lungu na cikin gida, dole rauta ta farko ta zauna can. Malam da kansa ya yi sallama ya shiga da ni, na ɗaura ta, na huda bango na zaro kebul zuwa zaure, na haɗa ta biyu. Na kuma buɗe wa layin gidan foldar da ake ajiye takardun nan a kwamfutar, don Malam ya riƙa karantawa a wayarsa da manyan haruffa idan yana ɗakinsa. Sau ɗaya ke nan na taɓa shiga gidan da ƙafata.

Bari in bayyana muku yadda abin yake, don a nan komai ya karkace. Rauta ta biyu daga ta farko take shan intanet. Duk abin da ya fito daga zaure sai ya ratsa ta cikin gida kafin ya fita duniya. In ka haɗa su haka ka tsaya, na ciki ba zai ga na'urorin zaure ba, amma na zaure yana ganin na ciki sarai. Kamar ka rataya asabari ne ya zama na waje ke ganin na ɗaka. Maganin ba wuya. Za ka shiga rauta ta biyu ka sa mata doka guda, cewa ta wuce da mutanenta waje kawai, kada ta bar su su leƙa kowa a hanya. Aikin minti goma sha biyar ne, har da shan ruwa.

Na san da wannan. Ina zaune a zaure na haɗa wayata don in sa dokar, sai ga kwamfutar Malama Hafsatu ta bayyana, ga folda an rubuta mata "Amanar mutane." Yatsana ya tsaya. Na ce bari in yi sallar la'asar tukuna, sannan in rufe. Na yi sallar a sahun gaba, bayan Malam. Da aka idar ban rufe ba.

Malam ya ce a gwada a gabansa. Malama Hafsatu ta kawo kwamfutar bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da ciki, ta zauna daga ɓangarensu. Na ce, "Malama, danna nan, ki nemi wayoyin da ke zaure." Ta danna, ba ta ga komai ba. Na sa ta sake, har sau uku. Malam ya gyaɗa kai, ya ce madalla.

Ita kuwa ba ta rufe kwamfutar ba. Ta ce, "Daga nan ban gan su ba. Daga can fa?"

Malam ya yi dariya ya ce, "Ke dai akwai ki da tambaya, tun kina ƙarama. Katanga ce fa. In ba ki gan su ba, ta ina za su gan ki?"

Mutumin da ya yi shekara saba'in a gidan ƙasa, katangar da ya sani ke nan, in ta tare gefe ɗaya ta tare ɗayan. Ba laifinsa ba ne. Ni da na san bambancin, sai na taya shi dariya. Ta dube ni ɗan lokaci, sannan ta rufe kwamfutar ta shige.

Bayan mako guda na koma, wai in duba ko komai lafiya. Na tarar da zauren cike bayan la'asar, teloli da manoma da wani mai sayar da taki, kowa da littafinsa. Wani ya ce, "A'a, ga Injiniya. Matso nan, akwai wuri." Aka matsa mini a tabarma, aka miƙo mini shayi da gyaɗa. Ku yi mini dariya in kun so, amma tun rasuwar mahaifina ba a taɓa matsa mini a tabarma ba. Na hau babur na koma Rano ina jin daɗin da na manta irinsa. Daga nan na mayar da zuwa Kibiya al'ada, duk Alhamis da Lahadi. Har Malam ya ba ni littafin farko ya ce in fara. Suna tsokanata cewa na iya na'urar Turawa amma baƙin Larabci ya kayar da ni.

Kuma duk zaman da na yi, wayata tana kan cinyata a ƙarƙashin littafin. Kafaɗata tana gogar ta mutum, ni kuma ina karanta abin da ya faɗa wa Malam yana kuka. Akwai wanda ya matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa yana neman yadda zai mayar ba tare da an sani ba. Akwai matar da likita ya faɗa wa abin da ta kasa faɗa wa mijinta. Akwai Jauro Buba, wani dattijon Bafulatani da ya zauna a Fassi yana noma da kiwo, wanda ya sayar da shanun marayun ƙanensa a wata shekara ta yunwa, ya yi shiru, yanzu tsufa ya zo yana so ya mayar kafin ya mutu. An ba ni wurin zama a cikin mutane, amma ni na sake mayar da kaina mai leƙe.

Wata biyar ina karantawa ban yi komai da shi ba. Sai wata rana hira ta faɗo kan 'yan damfarar da ke kiran mutane a waya suna cewa su masu duba ne, an nuna musu sirrinka, ka ba da sadaka ko masifa ta sauka. Mai taki ya ce an taɓa kiransa aka ce matarsa ta biyu ta yi masa asiri, shi kuwa mata ɗaya gare shi, ita ma da ƙyar. Aka yi ta dariya, aka ce ai lalube suke yi a duhu. Ni ma na yi dariya. Amma a kan hanyar komawa gida abu ɗaya ke yawo a kaina: ni ba lalube zan yi ba.

Akwai tsofaffin layuka a wayoyin da masu su suka manta a shagona. Na ɗauki ɗaya, na tafi bayan duwatsu da tsakar rana, na rufe bakin wayar da hula na kira Jauro Buba. Na ƙanƙance murya na ce, "Jauro, shanun marayu suna kuka a kanka." Sannan na ji tsoho yana shessheƙa. Ya sayar da bijimi ya aiko da sadakar inda na ce. Da mako ya zagayo na kira mutum na biyu.

Ban gina gida da abin ba, ban yi aure ba. Na sayi sabon babur da wasu kaya da ba ni da wanda zan nuna wa. In na sayi tsire sai in ci ni kaɗai a bayan labule, ina sauraron takun mutane a waje.

Jauro ne ya fara ganewa. Wata Alhamis ya shigo zauren da sandarsa, aka matsa masa a tabarma ya ƙi zama. Ya ce, "Malam, maganar da na kawo maka, na ɗauka daga ni sai kai sai Allah. Wanda ya kira ni ya faɗi har launin shanun, yadda na faɗa maka, a jere. Mai duba ba ya bin jeri, Malam. Karantawa yake yi." Ina zaune taku uku daga ƙafarsa. Na sunkuyar da kai kan littafina kamar kowa.

Kafin sati biyu wasu ma suka fito, kowa ya ce shi ma an kira shi, kuma abin da aka faɗa masa Malam kaɗai ya sani. Ba wanda ya zagi Malam a fuska. Sai dai zauren ya fara raguwa. Yau tela ya ce aiki ya yi masa yawa, gobe manomi ya ce ruwa ya ci masa gona. Masu zuwa rabon gado suka koma wani wuri.

Wata rana bayan an tashi, Malam ya riƙe hannuna ya ce in dakata. Idonsa ya faɗa, rawaninsa ma a karkace. Ya ce, "Injiniya, kai ka san abin nan. Don girman Allah ka faɗa mini gaskiya. Katangar nan da ka gina, akwai ta inda na zaure zai haura?"

Wannan ce dama ta ƙarshe da Allah ya ba ni. Na ce, "Wallahi Malam, babu." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma tsoro ya sa na ƙara abin da ba a tambaye ni ba. Na ce, "Sai dai ko daga ciki."

Ya saki hannuna a hankali. Ciki kuwa mutum ɗaya ne ke taɓa kwamfutar.

Ina ɗaura hular kwano a ƙofar gida na ji muryarsa ta bayan bango, ƙasa-ƙasa, ba faɗa. Ban ji abin da ya ce ba. Nata na ji. Ta ce, "Baba, ni kake tambaya?" Washegari ta ɗauki 'yarta da kayanta ta tafi Nariya wurin gwaggonta, ta bar kwamfutar a kashe a ɗaki.

Na daina kiran mutane na ɗan lokaci, amma ban daina zuwa zauren ba, don ba ni da wani wurin zuwa. Muka rage mu huɗu, sannan mu biyu, sannan wata rana ni kaɗai. Malam ya zuba mini shayi da hannunsa, yana lalubar bakin kofin, ya ce, "Kowa ya guje ni, kai kaɗai ka tsaya. Allah ya yi maka albarka." Na karɓi shayin na shanye, na ce amin.

Wata Lahadi na duba wayata sai na ga kwamfutar ta dawo kan layi, har da sabuwar takarda a foldar. Na ɗauka ɗan Malam ne ya zo daga Kano ya buga. Mai hankali da ya yi tunani, amma ni hannuna ya riga ya saba. Takardar ta wata Hajiya Talatu ce a Nariya, wai ta ɓoye zinaren mahaifiyarta ba ta sa shi cikin gado ba. Na tafi bayan duwatsu, na rufe wayar da hula, na kira lambar da ke takardar, na yi karatuna tun daga farko har ƙarshe. Matar ba ta katse ni ba.

Da na yi shiru sai ta ce, "Ka gama, Injiniya?"

Na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Babu wata Hajiya Talatu. Ni na ƙirƙire ta ranar Juma'a, na shiga gida Baba yana masallaci, na buga, na bar kwamfutar a kunne. Ban faɗa wa kowa abin da ke ciki ba, ban fitar a takarda ba. Tun daga ranar mutum ɗaya ne ya zauna a zauren. Na tambaye ka ranar nan, na ce daga can fa? Ka yi dariya." Ashe ta naɗi maganata duka, kuma wanta yana gefenta. Kafin magariba 'yan sanda suna ƙofar shagona.

A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa komai. Alƙali ya yanke mini shekara uku. Malam ya zo, an riƙo masa hannu. Ko sau ɗaya bai juyo wajena ba. Inda 'yarsa take zaune yake fuskanta tun daga farko har aka tashi, ita kuma tana kallon bango.

Gidan yari ba wurin da babu mutane ba ne. Mun yi yawa har ba ka iya juyawa a kwance sai na kusa da kai ya juya. Amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar a can ba. Ranar ziyara ana kiran sunaye, ni ina zaune ina jin na wasu. Inna ta zo sau ɗaya da ƙuli-ƙuli a leda, ta zauna ta dube ni, ta ce na rame, ta tashi. Watannin farko yatsana yana motsi shi kaɗai, yana neman wayar da zai buɗe. Da babu rayuwar kowa da zan leƙa, dole na dubi tawa, kuma ban sami abin kallo a ciki ba. Littafin da Malam ya ba ni shi na gama a can. A ciki na karanta cewa tuba daga haƙƙin mutum ba ta cika sai ka mayar masa da abinsa. Na yi ta tunanin yadda ake mayar da irin abin da na ɗauka. Ina ɗaure na ji Jauro Buba ya rasu, ban samu na roƙe shi ba.

Ranar da aka sake ni ba wanda ya zo tarba ta. Ban nufi Rano ba, Kibiya na wuce. Na ɗauka tun da gaskiya ta fito a kotu, zan tarar da zauren ya cika kamar da. Na tarar da Malam shi kaɗai a kan buzu, tabarmin a naɗe a jingine da bango, rauta ta biyu tana nan inda na ɗaura ta, ƙura ta rufe ta. Mutane sun wanke shi, suna gaishe shi a masallaci, amma wanda aka taɓa karanta wa sirrinsa a waya ba ya sake kai shi wurin da ya fita.

Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne, don ba ya gani sosai. Ya ce ya gane takuna. Na roƙe shi gafara ina kuka. Ya ce, "Na yafe maka tun kana can, don ni ma ina neman a yafe mini. Ka je Nariya."

Na je. Gwaggonta ta yi mini iso, Malama Hafsatu ta tsaya daga bayan ƙofa. Ta saurare ni har na gama, kamar wancan karon. Sannan ta ce, "Kai ban riƙe ka ba, Injiniya. Mutum ya ga ƙofa a buɗe ya yi sata, an san da irinku. Baba ma na yafe masa, uba ne. Amma shekara takwas ina buga masa sirrin mutane, ko mijina bai taɓa jin kalma ɗaya daga bakina ba. Baƙo ya ce wallahi sau ɗaya, sai aka shigo ana tambayata." Ta ƙara da cewa, "In na tunkari ƙofar ciki sai in ji muryarsa yana tambayar. Tun bayan ranar da na shiga na buga takardar nan, ƙafata ba ta shiga."

Ba ta yanke zumunci ba. Tana aiko da abinci, tana zuwa gaisuwa duk Juma'a ta farkon wata da ranakun salla. Amma a zaure take durƙusawa ta gaishe shi kamar baƙuwa, 'yarta a gefenta, su tashi su tafi. Gidan da aka haife ta, iyakarta bakin ƙofa.

Na koma wurin Malam na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in ƙarasa aikin da ya sa ni. Ya ce in yi. Na share ƙurar, na kunna, na shiga rauta ta biyu na sa dokar. Minti goma sha biyar ma ban cika ba. Na gwada daga zaure, ban ga komai na ciki ba. Na ce masa an gama, wannan karon daga ɓangarorin biyu.

Ya ce, "To madalla, Injiniya. Yanzu na zaure ba ya ganin na ciki." Ya juya kansa wajen tabarmin da ke naɗe, sannan wajen ƙofar cikin gida. Ya ce, "Sai dai ba kowa a zauren, ba kowa a cikin."

Yanzu ina gyaran sola a ƙauyuka, ba na karɓar wayar kowa. Duk Alhamis ina zuwa Kibiya in shimfiɗa tabarma ɗaya, in karanta wa Malam littafi, mu biyu. In ya ji takun mace a waje sai ya ɗaga hannu in dakata, ya saurara, har takun ya wuce.

Ku 'yan'uwana matasa, in an ba ku waya gyara, ku gyara ku kife ta. Kada ku ce kallo kawai ne, ni ma da kallon hoton suna na fara. In kaɗaici ya dame ku, ku je ku yi sallama a inda mutane suke, za a matsa muku a tabarma, ni an matsa mini. In an sa ku raba layin gida biyu, ku gwada daga kowane gefe a gaban mai gida, kuma wanda ya tambaye ku "daga can fa?" ku amsa masa da gaskiya. Mutumin da bai san aikinku ba, maganarku ce idonsa, kuma da ita zai yanke wa na gidansa hukunci. Ni na ce bari in yi la'asar tukuna in rufe. Na rufe bayan shekara huɗu, kuma wadda aka so a kare da katangar ba ta gidan.